Kakar da Ba Ta Karɓar Gari

A Dogarawa, lokacin ɗari, da an idar da isha'i kakarmu Inna Dije kan hura wutar kara a tsakar gida, mu jikoki mu kewaye ta. Ko'ina dokar ka-cici-ka-cici ɗaya ce: in ka kasa, ka ba mai tambaya gari, ya faɗa maka amsa. Inna ce kaɗai ba ta karɓa.

Ran nan ta ce, "Ga ƙwarya mai cin tiya biyat, ga mai cin ukku. Ku auno mani hatsi tiya huɗu."

Muka ba ta Illela, muka ƙara da Ƙonni.

"Mi zan yi da gari, ni da ko ɗakina ban iya sharewa?" Ta dube ni. "Kai angona, kan nan naka don hula kaɗai anka yi shi?"

Maimakon amsa sai ta ba mu tatsuniyar masu haƙar rijiya biyu. Na fari yakan nuna wa yaransa wuri ya ce su tona, kullum kuma a sami ruwa. Na biyu yakan zauna a inuwa, ya bar nasa su yi ta tona ramukan banza, shi dai tambayarsa ɗaya: me kuka gani a ƙasar? Mutane suka ce mugu ne. Da tsofaffin biyu suka rasu aka yi fari, garin na fari ya watse, na biyun ko tunkiya bai rasa ba.

Kwana uku na yi ina juya rairayi tsakanin ƙore biyu, ina jin haushinta, kafin huɗun ta fito.

Yau ni ke jagorantar masu binciken lissafi a jami'a, kuma ɗalibaina sun gaji da jin labarin Inna. Wata daga cikinsu, Rabi, ta shekara biyu kan matsala guda. Ta shigo ofishina da takardar ajiye karatu.

"Malam, in kun san hanya ku nuna mini. In ba haka ba, gida zan koma."

Ina da wata hanya, doguwa. Bakina ya yi ta ƙaiƙayi, kuma na ji tsoron rasa ta ƙwarai. Amma na ce ta kawo mini takardun da ta yar, ta gaya mini abin da ta gani a kowace.

Bayan damina ta cika allo da hujjar da ta fi tawa gajarta nesa ba kusa ba. Na bi ta sau uku, mataki ɗaya ya gagare ni. Ban taɓa jin alfahari irin na ranar ba.

Na ce, "Rabi, na ba ki Ƙonni. Faɗa mini."

Ta miƙo mini alli. "Malam, ai a nan ba a karɓar gari."