Gwangwanin Tsoho Gado

Sanarwa daga Babban Darakta mai kula da tsoffin kuɗi na Arewa duka.

A Matankari na iske maƙeri durƙushe gaban tsoho Gado, yana son ya sayi tsoffin kuɗin da ya tara, ya narka su ya yi zobba. Tsohon na kwance ba lafiya, ɗiyanshi na neman abin sayen magani.

Gado ya zazzage gwangwanin kuɗin bisa tabarma. Idonshi ya tafi, da yatsa yake gane su.

"Wagga dala uwata ta ɗaure min ga cibi ina jinjiri. Kwabon ga mai huji kuwa, tsarabar ƙanena ce daga cirani."

Maƙeri ya ce, "Baba, ni azurfar kawai nike so."

"To tashi. Wutarka ba ta san uwata ba."

Sai ya kira jikanshi, wanda kullum ke tsokanarshi da "Tsoho, wanga zai sayi ko goro?" Ya ce, "Matso, marar kunya. Don ka yi dariya kake tambayata, amma kai kaɗai ka taɓa tambaya. Riƙe."

Ran Juma'a munka rufe shi.

Ni dai na ce mai tara kuɗi na gaskiya shi ne wanda ya san hannun da kowane ya fito. Ku me kunka gani?

Kuma ku yafe ni, babu wani Darakta. Sani ne mai facin taya, ɗan makarantar allo, marar kunyar nan. Gwangwanin na gabana, dariyar ta ƙi zuwa.