Ranar da Ɗinkin Yaya Ya Hau Mumbari

Yayana mai gyaran takalma ne. Shekararsa arba'in da ɗoriya a rumfa ɗaya, bakin titin da ya bi ta bayan cocinmu, tsakanin mai facin taya da wani mai gyaran rediyo. Kowa Mai Basilla yake ce masa, saboda ƙatuwar allurar nan da yake ɗinka fata da ita. Ni ƙanwarsa Yaya nake cewa, sai in ya ɓata mini rai in ce masa shumeka, don na san ba sunan da ya tsana kamarsa.

Takalmi ke ciyar da shi, amma littattafan coci ne abin alfaharinsa.

Ni malamar firamare ce, kuma a hannuna makullin kabad ɗin littattafan yake. Da an ba da dogon hutu nake buɗe shi, in jera su a kan benci a baranda bayan an tashi daga sujada. Zo ka ga wawaso! Mata da 'yan mata su dirar wa littattafan labari, tsofaffin nan masu kauri da aka fassara tun ba a haife ni ba. Dattawa kuwa sai su gyara murya su ɗauki na tauhidi, wasu don karatu, wasu don a gan su da shi a hammata. Akwai dattijon da ya yi hutu shida yana aron littafi ɗaya, kuma duk shekara a shafi na tara nake samun tsinken da ya sa alama. Ban taɓa tona shi ba, sai yau.

Ko da yaushe a jigace littattafan suke dawowa. Wannan ya sha mai, wancan ruwa ya dake shi, wani jariri ya gwada haƙoransa a jiki. Duk rumfar Yaya nake kai su. Zai kwance littafi gaba ɗaya, ya jera shafukan ɗauri-ɗauri yadda aka ɗinka su tun asali, ya goga wa zare kakin zuma, ya bi tsofaffin hudojin ɗaya bayan ɗaya. In ya gama ya shafa gam, ya yanka bango daga ragowar fata, ya danne da bulo kwana biyu. Littafin da ya bi ta hannunsa, sai dai takardar ta mutu, ɗinkin ba ya sakewa. Bai taɓa karɓar komai ba. Ladansa ɗaya ne, shi zai fara karantawa kafin ya koma kabad.

Na tauhidin kawai fa. Na labari yana ɗinka su tsakani da Allah, amma yana yi yana tsaki. "Ƙarya ce aka yi wa bango," in ji shi. Sai Allah ya haɗa shi da mace mai cin labari kamar ba gobe. Matar Yaya ta ƙona tukwane a kan karatu fiye da yadda zan iya lissafawa. In ka kira ta, ba ta ɗagowa, sai ta ce "saura kaɗan," har 'ya'yanta suka laƙaba mata sunan. A hutu, da yamma, za ka same su a tsakar gida, kujera nan kujera can, kowa da littafinsa. Shi ya ce tana ɓata idonta a kan mutanen da ba a taɓa haifa ba. Ita ta ce gara nata mutanen, ko ba komai suna aure suna haihuwa, nasa kuwa gardama kawai suka iya.

Shekara biyu da suka wuce na fara lura da wani abu. Na kai masa shayi a rumfa, ya miƙa hannu ya kama iska a gefen kofin. Na ja shi asibiti yana turjewa. Likita ya ce jijiyar idon ce ta gaji, tabarau ba zai yi komai ba. Zai riƙa ganin hanya da siffar mutane, amma rubutu ya tafi ke nan.

A hanyar dawowa ya riƙe mini hannu.

"Ƙanwata, kada ki faɗa wa kowa. Har ita."

"Haba Yaya, matar taka?"

"In ta ji, zumuntar mata ta ji. In suka ji, Sakatare ya ji. Kin san ya daɗe yana neman a kwashe littattafan a kai wa masu ɗaure littafi da inji. Karatun ya riga ya kuɓuce mini. In aka karɓe ɗinkin ma, me ya rage?"

Sakataren cocinmu ba mugu ba ne, son sabon abu ne ya yi masa yawa. Na yi wa Yaya alkawari, raina bai so ba. Ya ci gaba da aiki da yatsu. Kowane littafi kwalin takalminsa daban, in ya kwance sai ya kifa ɗaurin a jere yadda suka fito, don kada ya buƙaci duba lamba. Da yamma ya zauna a kujerarsa ya buɗe littafin tauhidi yana juya shafi a kan kari, kamar mai karatu. Duk ranar da na ga haka sai na kau da kai, don abin yana sosa mini zuciya.

Bana aka samu matsala. Littattafai biyu suka zo masa rana ɗaya, girmansu ɗaya, takardarsu iri ɗaya, ja-ja saboda tsufa. Ɗaya na tauhidi ne a kan gafara, ɗayan labari. Ya kwance su ke nan hadari ya taso, iska ta kifar da kwalayen, shi da mai faci suka bi takardu suna tsincewa. Ya jera su yadda yatsunsa suka ba shi, ya ɗinke tsaf. Ni kuma ban duba ba, na ba Fasto na tauhidin, matar Yaya ta sure na labarin.

Ranar Laraba da la'asar sai ga ta a gidana, ɗankwali a karkace, littafi a hannu.

"Malama, wane irin wulaƙanci ne wannan?"

Labarin wani ma'aikacin gidan waya ne da ya ɓoye wata wasiƙa shekara ashirin saboda haushin mai ita. Da tsufa ya kama shi, nadama ta dame shi, ya ɗauki wasiƙar da gurgun karensa ya tafi neman matar. Shafi ɗari uku matar Yaya tana biye da shi, kan dutse da cikin kwari. Ya iso ƙofar gidan, karen ya faɗi don gajiya, ya ɗaga hannu ya ƙwanƙwasa. Ta juya shafi jiki na rawa, sai ta ga: "Abu na huɗu da ya kamata mai karatu ya lura da shi a wannan koyarwa..."

"Ina ruwana da abu na huɗu? An buɗe ƙofar ko ba a buɗe ba?"

Nan take na gane inda ƙarshen labarin yake. Na ce mata wataƙila kuskuren masu bugawa ne. Ta dube ni ta saman tabarau, ta daɗe, ta ce "To," ta tafi.

Da na gaya wa Yaya, sai ya ajiye takalmin da ke hannunsa. Ya ce in karɓo littafin Fasto ta kowace hanya, ya gyara kafin a farga. Sau uku ina zuwa. Fastonmu matashi ne mai ƙwazo, in ya kama littafi ba ya saki. Na ce ana buƙatarsa a kabad, ya ce wa ke buƙata? Na ce bangon bai gama bushewa ba, ya shafa ya ce garau yake. A na ukun ya ce, "Malama, ki yi haƙuri zuwa Lahadi, da shi nake shirya wa'azi. Akwai wani abu a ƙarshensa, sai kin ji!" Na fito ba littafi.

Lahadi coci ya cika. Fasto ya hau mumbari ya yi bayanin gafara, ya kawo abu na ɗaya, na biyu, na uku. Sai ya ɗaga littafin sama. Ashe ɗaurin ya yanke ne daidai inda marubucin ya ce bari ya kawo misali.

"Ku ji misalin da wannan babban malamin tauhidi ya bayar," in ji Fasto. "Wani tsohon ma'aikacin gidan waya ya tsaya a ƙofar wata mata da ya zalunta shekara ashirin."

Na ga bayan matar Yaya ya miƙe a layin mata.

Fasto ya iya ba da labari, ba a raba shi da wannan. Ya ce tsohuwa ta buɗe ƙofa. Mutumin ya durƙusa ya miƙa wasiƙar, ya faɗi abin da ya yi, bai rage komai ba. Ta karanta a tsaye, ta ninke. Ta dube shi ta ce, "Ka sha hanya. Shigo ka zauna, in kawo maka ruwa."

"Ashe ta buɗe!" Matar Yaya ce a tsaye, hannu biyu a sama. "Ta yafe masa! Na gode maka Allah! Fasto, karen fa? Karen ya tashi?"

Fasto ya saki baki. "Mama, kin karanta littafin nan ne?"

"Na karanta farkonsa, ƙarshen ne yake wurinka!"

Kai, ban taɓa jin dariya irin ta ranar a gidan Ubangiji ba. Mawaƙa suka kifa kan benci, mai ganga ya faɗo daga kujerarsa. Fasto ya juya shafi, ya duba, ya ce cikin lasifika, "Karen ya tashi, Mama." Aka sa tafi. Ni kaɗai na waiga layin maza. Yaya na zaune, kansa a ƙasa, ya damƙe hularsa a cinya.

Bayan sujada muka taru a ofishin Fasto: shi, Sakatare, ni, Yaya da matarsa. Fasto har lokacin yana share hawayen dariya. Ya ce shi ma ya yi mamakin yadda malamin ya yi shafi ɗari uku ba ko murmushi, rana ɗaya ya samo kare. Sakatare kuwa bai yi dariya ba. Ya ce da girmamawa, Baba ya yi ƙoƙari, amma abin ya kai ga mumbari, lokaci ya yi da za a kai wa masu inji.

Na buɗe baki zan wanke Sakatare tas, Yaya ya ɗaga mini hannu. Ya miƙe tsaye.

"Fasto, laifina ne. Shekara biyu ke nan ba na ganin rubutu. Na ɓoye don kada a raba ni da aikin. Na sa ka faɗi abin da ba haka ba a gaban jama'a, ka gafarce ni." Ya zaro basillarsa daga aljihu ya ajiye a kan tebur.

"Ɗauki abarka, Malam," in ji matarsa.

Ya juyo wajen muryarta.

"Wai kai a zatonka ban sani ba? Wa yake zura maka zare a allurai kowace safiya kafin ka fita, mala'iku? Mutum ya riƙe littafi a juye wata guda yana gyaɗa kai! Na yi shiru ne don ka ce a yi shiru, ko da ba ni ka faɗa wa ba." Ta harare ni, na sunkuyar da kai. Ta juya kan Sakatare. "Ɗana, miƙo mini littafin waƙoƙin can da ka kai wa masu injin bara."

Ya miƙo. Ta kama shi ta bango ta girgiza, shafuka uku suka zubo ƙasa. Ta ɗauki wanda Yaya ya ɗinka ta girgiza da ƙarfinta duka, har tabaranta ya zame. Ko motsi.

"Hannunsa lafiya lau. Ido ne babu, ni kuwa ina da huɗu. Ni zan jera, shi ya ɗinka."

Sakatare ya tsuguna yana tsince shafukansa. Fasto ya ɗauki basillar ya sa wa Yaya a tafin hannu, ya rufe masa yatsu a kai. Ya ce sharaɗinsa ɗaya, in an gyara littafin labarin, shi ne na farko a layi, don yana so ya san abin da ya gurgunta karen.

Washegari na bi ta rumfar da rana. Ta kawo kujerarta ta gida ta kafa kusa da bencinsa, littattafan biyu a kwance a gabanta. Tana duba lamba tana miƙa masa ɗauri, yana lalubar hudojin yana jan zare. Suna yi suna faɗa, wai ta cika jinkiri, wai ya cika gaggawa. Can na ga miƙowar ta tsaya, idonta ya maƙale a wani shafi. Yaya ya jira da hannu a buɗe. Ya yi gyaran murya, ya sake yi.

"Tunda dai karantawa kike yi," ya ce, yana kallon wani wajen, "ki ɗaga murya mana, kowa ya ji."

"Wanne? Naka ko ƙaryar?"

"Fara da ƙaryar. Nawa ya biyo baya."

Ta cire tabarau ta goge ido da bakin zaninta, ta daɗe tana gogewa.

"Shekara arba'in da ɗaya nake jiran ka ce haka," ta ce.

Ta lalubo ɗaurin farko ta buɗe shafi na ɗaya. Mai faci ya kashe injinsa ya jawo benci.