Zailani Mai Sola

A Tafoki an fara sanin Zailani da gyaran rediyo, a gindin wata darbejiya da ke bakin kasuwa. Gajere ne mai kaurin hannu, ba ya son yawan magana. Da waya ta shiga hannun kowa, rediyo ya ja baya, sai ya tafi Funtuwa ya yi shekara biyu a shagon wani mai haɗa sola. Ya dawo da jakar kayan aiki da sana'ar da babu mai ita a kusa.

Aikinsa na ƙananan gidaje ne: farantin sola ɗaya a kan rufin kwano, batir a lungun ɗaki, ƙwan fitila biyu, sai wurin cajin waya. Har motar wani mai kai nono kasuwa ya ɗora wa faranti don firjin da ke cikinta. Amma abin da ya fi alfahari da shi rijiyar burtsatse ce a wani ƙauye kusa da Ruwan Godiya, inda ya jera faranti shida suna tura ruwa cikin tanki. Ranar da famfon ya kawo ruwa, mata suka yi ta guɗa, shi kuwa ya koma gefe yana goge hannu da tsumma.

Sai 'yan bindiga suka addabi yankin. Noma ya zama kasada, hanya ta zama abin tsoro. Wata safiya mutanen ƙauyen nan suka tarar an kwance farantan shida an tafi da su.

Bayan wata guda, da damina, Zailani na dawowa daga Mairuwa a kan babur bayan azahar, mutum huɗu suka fito daga cikin dawa da bindigogi suka tare shi.

"Kai ne Zailani mai sola?" in ji ɗayansu.

"Ni ne."

"Ɗauko jakarka. Babur ɗin bar shi nan."

Suka ɗaure masa ido, suka yi ta tafiya da shi cikin daji. Da aka kwance ƙyallen, abin da ya fara gani farantansa ne jingine da dutse. Ya gane su da jan fentin da ya shafa a gefensu. Shugaban wurin, wani siriri mai rawani, ya ce janareta ƙara gare shi, mai kuma ya yi wuya, don haka wuta suke so marar hayaniya.

A ƙarƙashin wata tsamiya mutane tara ne zaune, sarƙa a ƙafafunsu. Cikinsu akwai Baba Almu, aminin mahaifin Zailani, wanda aka ɗauke a gonarsa mako biyu da suka wuce. Tsohon ya rame har wuyansa ya yi tsawo.

"Zailani, kai ma?"

"Aiki suka kawo ni, Baba."

Kashegari da aka bar shi ya sha ruwa kusa da tsamiyar, ya raɗa wa tsohon abin da ke ransa: wayar wuta biyu kawai zai juya, inbata mai sarrafa wutar ta ƙone, batir ya lalace, kowa ya huta.

Baba Almu ya girgiza kai. "Kada ka kuskura. In abin nan ya ƙone, kanmu za su huce. Yi masu aikinsu ka tahi ga iyalinka. Allah na gani."

Ya yi aikin cikin kwana huɗu, kuma ya yi shi da kyau, don hannunsa bai iya aikin banza ba. Da koriyar fitila ta kama, suka yi ta harbi sama don murna. Aka jera wayoyi a kan tabarma suna shan caji. Wadda ta fara cika ita aka ɗauka aka kira 'ya'yan Baba Almu, aka kara wa tsohon a baki, wani yana zuba masa bulala don su ji kukansa. Zailani na tsaye da filaya a hannu, bai san lokacin da ta faɗi ba.

Rana ta biyar suka ajiye shi a bakin titi, ba su nemi komai daga danginsa ba.

Matarsa Hafiza ta yi kuka har ta shiɗe. Kwana uku gidan cike da masu barka da arziki. Daga nan magana ta fara juyawa. Kowa sai an sayar da gona kafin ya fito, shi ya aka yi ya dawo da jakarsa a kafaɗa? Wa ya nuna masu inda farantan suke? Ana cikin haka labari ya iso cewa Baba Almu ya rasu a daji. Mutumin da zai iya buɗe baki ya wanke Zailani ya tafi ke nan.

Wata hantsi 'yan sa-kai suka zo suka fitar da shi daga gida. Suka ɗaure masa hannuwa ta baya da igiyar roba, suka zaunar da shi a rana.

"Faɗa mana su wa kake wa aiki."

"Na hwaɗa maku gaskiya. Kama ni aka yi."

"Mi ya sa ba su taɓa ka ba?"

Sai la'asar mai unguwa ya zo ya tsaya masa, ya ce ya san yaron nan tun yana goye. Da aka kwance igiyar, hannun damansa ya kumbura ya yi baƙi. Yatsu uku ba su sake motsi ba.

Fitilun da ya haɗa suna nan suna ci a ɗakunan mutane, amma in ya shiga sahu a masallaci sai na kusa da shi ya matsa. Kafin kaka ya kwashi Hafiza da 'ya'yansu mata biyu suka koma Ƙanƙara, suka kama ɗaki ɗaya a bayan gari. Mahaifiyarsa, Inna Saudatu, ta ce ita ba ta barin ɗakin mijinta.

A Ƙanƙara hannu ya ƙi riƙe sukundireba. Sai ya zaunar da Hafiza a tsakar gida, ya nuna mata jar waya da baƙa, yadda ake fere su, yadda ake gane batir ya mutu. Shi ke faɗa, ita ke murɗawa. Cikin shekara ta ƙware, har matan unguwa suka fi son kiranta, tunda tana shiga har ƙuryar ɗaki inda namiji ba ya zuwa. Da wannan suke ci. Shi kan raka ta ƙofar gida, ya zauna a dakali da jaka a cinya, in ta maƙale ta leƙo ta tambaye shi.

Bara da rani ƙanensa Jabiru ya bugo waya ya ce Inna ta cika da asuba. Zailani ya miƙe yana neman takalmi.

"Yaya, kada ka zo," in ji Jabiru. "'Ya'yan Baba Almu za su kasance wurin jana'iza. Ba mu son a yi gawa biyu."

Zailani ya ajiye wayar. Sannan ya ɗauki buta ya yi alwala da hannun hagu, ya shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki. Maƙwabta uku da suka ji labari suka zo suka zauna tare da shi har azahar.