Kayan Makarantar da Gwaggo Ba Ta Ɗinka Ba

Duk layin nan Gwaggo Tela ake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Shagonta bai fi ɗakin girki ba: keken ɗinki biyu, benci ɗaya, sai dutsen guga mai igiya ɗaure da tsumma. Ita aji biyu ta yi a sakandare aka koro ta saboda rigarta ta yage, abin kuma bai bar ranta ba. Shi ya sa duk ɗan talakan da kayan makaranta za su hana shi aji, ita ke ɗinka masa kyauta, ta bar kalmasa mai faɗi don ya shekara uku yana sawa. Ga ta da masifa, amma yara da yawa ta dalilinta suka gama.

To, amma wa ke taka keke na biyu? 'Yar ƙanenta marigayi, Auta, wadda take riƙo. Bara aiki ya yi yawa, Gwaggo ta ce ta zauna ta taya ta sati ɗaya. Yarinya tana aji biyar, ga hannu kamar an haife ta da allura. Sati ɗaya ya zama shekara guda, Gwaggo kullum tana cewa bayan hutu.

Ranar Talata ta kai ɗinki makaranta. Sabuwar shugabar ta ba ta kujera, ta yi ta sa mata albarka, sannan ta jawo rajista.

"Gwaggo, ke kin san kowa. Ga wata yarinya nan, malamai sun ce babu kamarta a lissafi, shekara guda ba ta zo ba. Juma'a za a rufe rajistar jarabawar fita, in ta wuce shi ke nan. Wai mai riƙonta ce ta sa ta aiki. Wasu mutane ba sa tsoron Allah. Ki taimaka ki yi mata faɗa, ke za ta ji maganarki."

Gwaggo ta nemi a karanta sunan, ko da yake ta riga ta sani. Kunya ta rufe ta, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Matar da bakinta ba ya mutuwa, sai ga ta tana murza bakin mayafi.

"Ranki ya daɗe, ni ce."

Shugabar ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Ta rufe rajistar kawai, ta ce a kawo ta gobe, cikin kayan makaranta.

Gwaggo ta iske Auta a kan keke, tana haɗa rigar wani yaro.

"Tashi. Gobe za ki koma."

Auta ta ɗaga ƙafa daga keken. "Kayana sun yi mini kaɗan, Gwaggo."

Gwaggo ta ciro tef ɗin awo daga wuyanta. Ta auna 'ya'yan mutane sun fi ɗari, wannan kam ba ta san ko faɗin kafaɗarta ba.

"Ba sai kin auna ba," in ji Auta a hankali. "Kafaɗa sha huɗu, hannu ashirin da biyu, tsawo arba'in. Duk farkon zango nake aunawa."