Rundunonin da Suka Naɗe Ƙosai

Har gobe ban manta da Talatar da farar mota ta tsaya a ƙofar ofishinmu ba. Wata bakwai ke nan da ɗauka ta aikin buga tafireta a wata sakandare kusa da Ikara, soja na kan mulki.

Malam Ishaya, malamin kimiyya, ya samu mujalla mai hotunan da madubin hangen nesa ya ɗauka daga sararin samaniya. Ya yi wa ɗalibai bayanin da Hausa. Taurarin da ke dunƙule wuri guda ya kira su runduna. Ya ce akwai ƙanana da ke kewaya tamu babbar, kuma taurarinsu na gudun da ya isa ya watsa su, ba don wani baƙin abu da ba a gani yana riƙe da su ba.

Ƙa'idarmu, in malami ya rubuta darasi, sai na buga shi a sitensil, wato takardar da ake gurza kwafi da ita. Lokacin tsuke bakin aljihu ne, ɗaya tak firinsifal ya ba ni. Da rubutun ya ƙi shiga, na cire kanun da ya ce darasin samaniya ne.

Wani kwafi da ya lalace ya bi 'yan shara har kasuwar Maƙarfi, aka naɗe wa wani jami'in tsaro ƙosai a ciki.

Ranar Talatar nan, jami'an tsaro biyu suka shigo. Babban ya ajiye takardar, duk maiƙo, ya karanta a hankali: ƙananan rundunoni sun kewaye babbar. Ya taɓa kafaɗarsa, inda hafsoshin soja ke maƙala taurari, ya tambaye ni su wa ke da taurari a ƙasar nan. Na ɗauko rubutun hannun Malam da mujallar, na ce ni na cire kanun. Bai ko kalle su ba. Ya sa aka kirawo Malam, ya juya wajensa.

"Wannan baƙin abu, wa ya taɓa ganinsa?"

"Ba kowa, ranka ya daɗe. Aikinsa kawai ake gani."

"To, mu ma shi muke nema."

Kwana tara Malam ya yi a hannunsu. Ya dawo yana ɗingishi, bai yi mini faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Saratu, takarda ma tana son hularta."

Ku sababbin masu buga tafireta, komai ƙarancin sitensil, kada ku taɓa kanu. Ba ku san hannun da takarda za ta faɗa ba. Ni har yau in na ji ƙamshin ƙosai, sai yatsuna su ƙi bugu.