Injin Jirgin Baba a Tsakar Gidanmu

Shekarun baya, ina ajin ƙarshe a lise, wato sakandare, akwai injin jirgin ruwa a tsakar gidanmu da ke unguwar Ladjifarani a Parakou. Wanda ya san Parakou ya san ba garin jirgi ba ne. Duk baƙon da ya shigo sai ya tsaya ya dubi wannan baƙin ƙarfe da ke zaune kan katako a gindin mangwaro, an lulluɓe shi da tsohon tampol, kaji na kwana a ƙarƙashinsa.

Na mahaifina ne. Kusan duk rayuwarsa a Malanville ya yi ta, yana ƙetara kogi da albasa da shinkafa da mutane, mu kuma muna Parakou da mahaifiyata saboda karatu. Injin asalinsa na mota ne, mai shan gazuwal, wato man dizal, shi da kansa ya ɗaura shi a jirgin katako. Idan an yi hutu nakan je wurinsa. Ni ba aikin da nake taya shi sai zama a goshin jirgi ina kallon ruwa, ina haɗa baitocin da ba wanda ya roƙe ni. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana.

Wata safiya a can injin ya ƙi tashi, fasinjoji suna ta surutu, wani yana cewa batir ne, wani yana cewa a sauke su. Baba bai kula su ba. Ya kunna fitilar jirgin da rana tsaka ya ce, "Uwata, bar kallon ruwa ki kalli wannan. Mota idan ta ƙi, turawa ake yi. Jirgi ba mai tura maka shi, dole ka san ciwonsa." Ya ce idan aka murɗa makulli fitila ta dushe, ana jin kaf-kaf-kaf da sauri, batir ne ya gaji, ko bakinsa ya yi tsatsa. Idan kuwa fitila ta tsaya da haskenta, aka ji ƙas sau ɗaya sai shiru, to wuta na nan, demarer ne ya maƙale, wato ɗan injin nan da ke fara juya babban. Ya ba ni makullin na riƙe a murɗe, ya ɗauki ƙaramar guduma ya ƙwanƙwasa gefen demarer a hankali, kamar mai sallama a ƙofar surukai. Injin ya tashi. Na yi dariya, na koma kallon ruwana, ban ɗauka na riƙe komai ba.

Sai ciwon ya zo. Ya faɗi a bakin kogi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Aka kawo shi lopital, wato asibiti, a Parakou, daga nan gida. Jirgin ya riga ya tsufa, aka bar shi a can, amma yayana ya kwance injin ya ɗoro shi a mota ya kawo, don ya ce ba zai bar shi ruwa ya ci ba.

Da farko muna yi wa Baba magana. Wani lokaci ya gyaɗa kai, wani lokaci ya ƙura wa bango ido. A hankali masu zuwa dubiya suka koma tambayar mahaifiyata, "Ya ci abinci? Ya yi barci?" shi kuwa yana zaune a kujerarsa kusa da su. Abin da kowa ya sani shi ne a ƙara masa ƙarfi: wannan ta kawo kunun gyaɗa, wancan ya kawo zuma, maƙwabciyarmu ta kawo romon zabo. Yana sha, yana ramewa a ido.

Da damina ta kankama baffana, ƙanin Baba, ya zo daga Djougou da shawara biyu. Zai tafi da injin ya mai da shi na niƙa, abin da aka samu a riƙa taimaka wa gidan. Zai kuma tafi da Baba, don akwai wani mai magani a ƙauyen da ke bayan Djougou da ke ajiye waɗanda iskokin ruwa suka taɓa. A ganinsa wanda ya yi shekaru a kan kogi ya faɗi a bakin kogi, ba sai an tambayi likita ba. Mahaifiyata ta ce likita ya ce mai yiwuwa yana jin komai. Baffa ya ce, "Yaya ba ya cikin jikin nan, ke ma kin sani. Ki bar mu mu nemo shi." Ba da mugunta ya faɗa ba, idonsa cike da hawaye. Mahaifiyata ta ja bakin zanenta ta rufe baki. A gidanmu idan dangin miji sun yanke magana, mace ba ta da inda za ta kama, sai in da hujja a hannunta. Mu kuwa ba mu da ita. Na san irin wuraren nan, na san mutum kan shiga a daɗe ba a ga fitowarsa ba.

Baffa ya ce sai ya ji kukan injin kafin a kira mota, ba zai ɗauki gawar ƙarfe zuwa Djougou ba. Yayana direban taksi ne, ya yaye tampol, ya zuba mai, ya sa tiyo a durom ɗin ruwa saboda sanyaya inji, ya ciro batirin motarsa ya haɗa. Ya murɗa makulli. Ƙas. Shiru.

"Batir ne," in ji shi. "Nawa ƙarami ne, bai iya da wannan."

A lokacin ne Baba, da ke zaune a inuwar baranda, ya fara bugun hannun kujera da hannunsa na hagu. Ƙwan, ƙwan, ƙwan. Baffa ya dubi mahaifiyata ya ce, "Kin gani? Ko taɓa injin aka yi sai su motsa." Aka ɗauke Baba aka kai ɗaki, yana wani gurnani da ban taɓa ji daga bakinsa ba.

Washegari da hantsi yayana ya dawo daga unguwar Guéma da wani abokinsa mai babbar mota, ɗan Nijar, sun ɗauko batir ƙato a bayan zem, babur ɗin haya, su biyu suna nishi kafin su sauke shi. Abokin ya daki batirin da tafin hannu ya ce, "Wannan ko mataccen jaki aka haɗa wa sai ya tashi ya yi kuka."

"Naka jakin ma turawa muke yi kullum a tasha," in ji yayana.

"Wancan lalaci ne, ba batir ba. Murɗa, malam."

Ƙas. Shiru. Abokin ya cire hula ya sosa kai ya ce to da mota ce da tuni sun tura ta gangaren kasuwa.

An fito da Baba shan iska kafin su iso, kowa ya manta da shi. Sai ga bugun nan kuma. Ƙwan, ƙwan, ƙwan. Ina zaune a bakin ƙofa da littafi a cinya, wai ina bitar jarrabawa. Baffa ya ce a mai da shi ɗaki. Na tashi don in kama hannunsa, sai na ga ba bango yake kallo ba. Idonsa na kan ƙasan injin, gefen hagu, wuri guda. Kuma bugun ba na mai fushi ba ne. A hankali yake yinsa, ya tsaya, ya sake, kamar mai sallama a ƙofar surukai.

Na juya wurin yayana. Na ce, "Yaya, fitilar jirgin na nan?"

"Fitila da rana tsaka? Ke koma kan waƙoƙinki."

"Don Allah dai."

Tana cikin buhun da aka zuba tarkacen jirgin. Ya haɗa ta da batirin yana gunaguni, ta kama. Ya murɗa makulli, aka ji ƙas, fitila ko ƙiftawa ba ta yi ba. Na durƙusa gaban kujerar na ce, "Baba, demarer ne?" Na daɗe rabona da in yi masa tambayar da ke buƙatar amsa. Ya runtse ido ya gyaɗa kai da ƙarfi har hularsa ta zame.

Ban san inda demarer yake ba, ni da aka koya wa. Na ɗauki guduma na nuna wani ƙarfe, Baba ya girgiza kai. Na nuna wani, ya yi tsaki, tsakinsa na da, wanda yake yi wa fasinjan da ya taka buhun albasa. Abokin yayana ya ce, "Kawo nan, ƙanwata," ya tsuguna ya ɗora gudumar a wurin, ya waiwaya ya ce, "Nan ne, Baba?" Baba ya buga kujera. Yayana ya riƙe makulli a murɗe, abokin ya ƙwanƙwasa, ya sake ƙwanƙwasawa.

Injin ya yi tari, ya girgiza katakon da yake kai, ya tashi. Baƙin hayaƙi ya cika mangwaron, kaji suka watse, maƙwabta suka leƙo ta katanga. Warin gazuwal ya kawo mini kogin gaba ɗaya cikin tsakar gida. Baba yana kuka, rabin fuskarsa na dariya.

Aka kashe injin. Baffa ne ya matso ya durƙusa, ya kama gwiwar Baba ya ce, "Yaya, kana ji na?" Ya gyaɗa kai. "Za ka bi ni Djougou?" Baba ya miƙa hannun hagu ya damƙe bakin zanen mahaifiyata, ya girgiza kai. Baffa ya sunkuyar da kai, sannan ya ce, "Injin fa?" Baba ya dube shi, ya dubi injin, ya kaɗa hannu waje, irin yadda yake sallamar jirgin da ya riga shi cika.

Aka tafi da injin, aka bar mana Baba.

Ina so in ce muku daga nan ya warke, amma ba haka aka yi ba. Shi ba a samu gudumar da za ta tashe shi ba. Na gwada iyakar gwadawata: na karanta masa surorin da yake so, na kira masa sunayen garuruwan bakin kogi ko ɗaya zai fito daga bakinsa, na ce ya ce Uwata ko sau ɗaya. Leɓensa ya yi ta motsi, sai ƙas, sai shiru. Abin da ya canza kawai shi ne an koma tambayarsa. Shayi ko kunu, ciki ko waje, a buɗe rediyo ko a rufe. Masu dubiya suka koma gaishe shi shi da kansa. Da wannan ya rayu har damina ta zagayo, ya rasu a ɗakinsa, mahaifiyata na gefensa.

Har yau idan na ga an taru a kan wanda ya yi shiru, ana ta ɗura masa abinci da nasiha, ana magana a kansa kamar ba ya nan, sai in ji ina neman fitila. Sau da yawa wutar na nan da sauranta, abin da zai juya ta ne ya maƙale, kuma wanda ke ciki yana ta ƙwanƙwasawa.

Injin yana Djougou har yanzu, a wata rumfar kwano, yana niƙa masara da busasshen rogo, fari fat da gari, shi da ya saba da ruwa. Idan na je gaishe da Baffa nakan tsaya a bakin rumfar. Mata kan ɗauka layi nake bi, suna tambayata ina kwanona. Nakan ce ban zo da niƙa ba. Nakan rufe ido in saurara kaɗan, don duk duniya wannan ce muryar mahaifina da ta rage.