Ranar da Baba Saje Ya Yi Fareti da Laftof

Shagona yana bakin kasuwar Zuru, tsakanin mai aski da mai facin taya, kuma kowa ya san babu kwamfutar da ta taɓa shiga can ta fita da ciwo. Wanda bai sani ba baƙo ne. Na taɓa tayar da laftof ɗin da mai ita ya riga ya mayar da ita murfin tukunya. To amma ranar da nake son ba ku labarinta, ni kaina na so in zama murfin tukunya, in huta.

Baba Saje tsohon soja ne, abokin babana, tare suka yi zaman bariki. Da ya yi ritaya, sa'o'insa suka koma gona, shi kuwa ya sayi laftof ya riƙa hawa babur yana zuwa Dabai da ƙauyukan kan tudu, yana ɗaukar muryar tsofaffin mata masu waƙoƙin noma da na niƙa da yaren C'lela. Da yawansu sun riga sun rasu, har da yayarsa, wadda ta goye shi. Muryoyin nan babu su ko'ina a duniya sai cikin laftof ɗin nan.

Ya shigo mini da hantsi, lokacin bazara, ana zafin da kaza ke yin ƙwai dafaffe. Ya ce an fizge wa wani jaka a hanyar Wasagu, shi yana so in kulle masa rumbun ajiyar kwamfutar gaba ɗaya, yadda ko ɓarawo ya ɗauka ba zai ji komai ba.

Na ce, "Baba, wannan ai shan kunu ne. Amma bari in fara kwafe muryoyin a wani wuri, saboda tsaro."

Ya dafe laftof ɗin da tafin hannu. "Kwafe me? Matan nan sai da na rantse musu ba zan zuba muryarsu a kayan kowa ba kafin suka buɗe baki. Ka kulle a inda suke."

"Baba, ni ne fa."

"Kai ɗin ne ma. Bakinka ya fi lasifikar kasuwa."

Na yi magiya, na yi rantsuwa, ya ƙi. Ya jawo benci ya zauna yana kallon hannuna kamar mai gadin ma'ajiyar makamai. Na gaya masa gaskiya: irin wannan kullewa, in an fara ba a tsayawa. In kwamfuta ta mutu a tsakiya, rabi a kulle rabi a buɗe, ana iya rasa duka. Ya tambaya zai daɗe? Na ce kafin ya gama shan ruwan leda ɗaya an gama. Ya sa faswod, wato kalmar sirri, da kansa, na danna.

Ba cika baki kawai na yi ba, ina da dalili. Cikin ƙwaƙwalwar laftof irin tasa akwai wani ɗan sashe da ba shi da aiki sai kulle bayanai, kamar injin niƙa yake, zuba ka kwashe. Amma sai uwar manhajar kwamfutar, wadda muke ce wa kanel, ta san hanyar kiran sa. Kanel ɗin da ke kan laftof ɗin Baba kuwa ni na haɗa ta da hannuna kwanaki kafin nan, don makirfonsa ya ƙi aiki da wadda ta zo da ita. Haɗa kanel kuma sai da kompaila, wato tafintan da ke juya rubutun masu manhaja zuwa yaren inji.

Mu masu gyara a Zuru ba ma sauko da irin waɗannan kaya daga intanet, data ta fi ƙarfinmu kuma sabis ɗin sai ka hau bishiya. Filas guda ce, ɗan abin ajiyar da ake sokawa a jikin kwamfuta, ke yawo tsakaninmu. Wani ya kawo ta daga birni tun tuni, kowa ya kwafa ya miƙa wa na gaba, kamar garmar aro lokacin huɗa. Babu mai tambayar shekarun abin da ke ciki.

Baba ya shanye ruwan leda. Ya sha na biyu. Layin da ke nuna ci gaban aiki yana nan kamar an ɗaure shi da igiya. Fankar laftof ta fara kuka, iska mai zafi na fita ta gefe.

"Injiniya," ya ce, "injin naka ya yi barci ne?"

"Yana ɗumama jiki, Baba."

Na leƙa ciki a hankali, na nemi sunan ɗan sashen nan a cikin abin da kanel ke amfani da shi. Babu. Kompailar filas ɗinmu tsohuwa ce, ba ta jin yaren wannan sabon sashe. Kuma ba ta yi ihu ba, ba ta ce ba ta iya ba. Lokacin haɗawa kanel ta tambaye ta, ta ga ba ta gane ba, sai kawai aka tsallake wurin shiru aka wuce. Ga injin niƙa a ɗaki, an bar kwamfuta da turmi da taɓarya. Za ta gama, amma sai ta daka kowace ƙwaya da hannu.

Ina cikin lissafin yadda zan faɗa masa, aka ɗauke wuta.

Fankar sama ta tsaya. Injin mai aski ya yi shiru, na ji shi yana zagi ta bango. Alamar batir ta fito a kusurwa, kuma batirin Baba na san shi, in ka yi atishawa kusa da shi sai ya ragu.

Na faɗa masa komai a tsaye, ba ado. Bai ɗaga murya ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

"In ta mutu?"

"Kada ta mutu, Baba."

Na ruga wajen mai aski. Janaretonsa babu mai. Mai faci ya ce nasa yana wajen gyara tun makon jiya. Mai cajin waya ya kulle ya tafi jana'iza. Na dawo na tarar batir ya sauka ƙasa da rabi, ƙasan laftof kuma ya yi zafin da za ka soya ƙosai a kai. In batir bai kashe ta ba, zafi zai kashe ta.

Mai aski ne ya leƙo ya ce, "Maman ƙanƙara fa? Tana da sola."

Matar tana sayar da ƙanƙara da zoɓo a ɗaya gefen kasuwa, bayan 'yan hatsi. Na ce a kira ɗan acaba. Sai na tuna rumbun laftof ɗin irin mai juyawa ne, rami ɗaya a hanya ya isa ya kashe shi yana cikin rubutu. Murfin ma ba a rufewa, in an rufe ta yi barci.

Baba ya miƙe. Ya ɗauki tiren da nake zuba sukurori, ya juye su a ƙasa, ya ɗora laftof a buɗe, ya tallabe da hannu biyu a gaban ƙirji.

"Wuce gaba. Buɗe hanya."

Ranar kasuwa ce. Na shiga gaba da caja a wuya ina ihu, "Hanya! Hanya! Mara lafiya!" Mutane na darewa suna neman mara lafiyan, sai su ga tsoho da tire yana taku ɗaya-ɗaya, gwiwa a sake, kafaɗa ba motsi, idonsa a kan allo. Wata mai tumatir ta ce, "Baba, sadaka ake rabawa?" Bai ko kalle ta ba. Wani mai baro ya taho da buhunan dawa kai tsaye, na tare shi da ƙirjina, har yau in hadari ya haɗu wurin yana mini ciwo. Akuya ta gitta tsakanin ƙafafun Baba, na rufe ido. Da na buɗe, ya ɗaga ƙafa ɗaya sama yana jira ta wuce, tiren bai karkata ba.

"Ya yi ja," ya ce a bayana, a hankali.

"Me?"

"Batirin. Ya yi ja."

Ban san lokacin da na fara addu'a da yare biyu ba.

Maman ƙanƙara na ganinmu ta dafe ƙirji. "Yesu! Saje, wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu tukuna. Ina soket?"

Soket ɗin guda ne, firiza ke kai. Ta kalli ƙanƙararta, ta kalli fuskar Baba, ta cire da kanta. Garin sauri har sai da na kuskure ramin. Allon ya riga ya dushe. Na tura caja. Babu abin da ya faru. Na murɗa kan, na danna da babban yatsa, sai 'yar fitilar gefe ta kama.

Na ce ba zan saki ba, ban kuma saki ba. Haka na tsuguna da yatsa a kan caja, Mama ta jera ƙanƙara a leda ƙarƙashin tiren, Baba yana yi wa laftof fifita da murfin bokiti. Layin nan yana tafiya kamar tsohuwa mai hawan tudu da itace. Masu sayen zoɓo suka taru suna ba da shawara. Wani ya ce a kashe a kunna. Baba ya dube shi sau ɗaya, mutumin ya tuna yana da aiki a gida.

Sai da rana ta karkata layin ya cika. Na kashe, na kunna, ta nemi faswod. Baba ya sa na juya baya, ya danna da yatsa ɗaya. Ya sa abin ji a kunne ya buɗe fayil ɗin muryar yayarsa. Ya daɗe idonsa a rufe. Ya buɗe wani, ya buɗe wani.

Ya cire abin daga kunne. "Suna nan."

Na so in ce ai na gaya masa, aikin injiniya ne, amma sai kawai na zube a kan bencin Mama, yatsana kuma ya sandare a lanƙwashe. Mama ta mayar da firizarta, ta leƙa ciki, ta ce ƙanƙarar ta zama ruwa, don haka mu biyu babu mai tafiya sai mun taya ta ɗaure zoɓo. Baba Saje ya naɗe hannun riga ya ce in matsa masa a benci.